Masu Karanta Fistin: Daga Rumfar Dabai Zuwa Bakin Ruwan Yauri

A duk kayan cikin inji babu wanda ake ɗora wa laifi irin fistin, kuma da wuya laifin ya zama nasa. Inji ya tsaya, a kwance shi, a tarar fistin ya huje ko ya ƙwarzane, nan take mai inji zai ce an gano cutar, a je a sayo sabo. A sayo, a ɗaura, inji ya tashi, kowa ya yi murna. Bayan mako biyu ko wata guda sai ga shi an sake ɗauko shi a bayan babur, sabon fistin ya yi irin mutuwar tsohon. Daga nan sai a koma zagin 'yan kasuwa, a ce kayan yanzu duk jabu ne.

Jabu kam akwai shi, babu musu. Amma galibi fistin kashe shi ake yi, kuma abin da ya kashe shi yana nan cikin injin yana jiran wanda za a sa. Akwai makanikan da suka san haka. Ba sa jefar da mataccen fistin sai sun juya shi a hannu, sun duba kansa da gefensa da cikinsa, sun faɗa maka abin da ya same shi: zafi ne, ko ƙarancin mai, ko ruwa, ko yashi, ko lodin da ya fi ƙarfin inji. Wannan gwanintar nake son in yaba. Ita ta raba mai gyara da mai canza kaya, kuma a kan ruwa takan raba wanda zai kwana a gida da wanda za a fita nema.

Dabai ƙasar tudu ce, ta duwatsu da gonakin dawa, ɗaya daga cikin yankuna biyar na masarautar Zuru tare da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Ba a tuƙa jirgin ruwa a nan. Mai son ganin jirage sai ya bi hanyar Mahuta ya fita Koko, ya gangara kudu zuwa Yauri, inda kogin Kwara ya buɗe ya zama tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. Sai dai injin da ke tura jirgin fito a Yauri ɗan'uwa ne ga ƙaramin janareton mai cajin waya a Dabai, da injin yankan katako da ake shiga daji da shi. Dukkansu masu bugu biyu ne, waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki guda. Ciwonsu ɗaya, alamarsu ɗaya. Yaron da ya koyi karatun fistin a rumfar makanike a Dabai, idan ya sauka bakin ruwa ba baƙo ba ne.

Wahalar da fistin yake sha

Fistin dunƙulen alminiyon ne da ke hawa da sauka a cikin silinda. Idan ya hau ya matse iska da fetur, fulogi ya ba da wuta, gaurayen ya kama, ƙarfin ya tunkuɗo shi ƙasa. Shi kuma ya juya karanshaf, karanshaf ya juya farfela. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, irin wanda ya cika bakin ruwa a Afirka ta Yamma, silinda biyu gare shi, kuma an ƙera shi ya riƙa zagaye 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya idan an ba shi wuta duka. A zagaye 5,000, wuta na tashi a kan kowane fistin sau 83 a daƙiƙa guda. Zafin wutar ya haura digiri 2,000, alhali alminiyon narkewa yake yi a wajen digiri 660. Tazarar da ke tsakanin jikinsa da bangon silinda kuwa ba ta wuce kaurin silin gashi ba, ga shi alminiyon yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi.

To me ya hana shi narkewa tun a mintin farko? Abu huɗu ke tsaronsa. Sabon fetur da ke shigowa kowane zagaye yana sanyaya masa kai. Ringi suna kwashe zafin jikinsa su miƙa wa bangon silinda, ruwa ko iska su ɗauke daga can. Baƙin mai yana shimfiɗa siririn rufi tsakaninsa da bango don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Na huɗu, wuta tana tashi daidai lokacinta, ta ci a tsanake daga fulogi zuwa gefe. Duk wanda ya gaza a cikin huɗun nan, fistin zai mutu, amma kowanne da irin tabon da yake bari da kuma wurin da yake barinsa. A nan sirrin sana'ar yake. Gwanin makanike da mafarauci tafiyarsu ɗaya: dabba ta riga ta wuce, sawunta kawai ya rage, kuma daga sawun zai gaya maka wace ce, daga ina ta fito, ina ta nufa.

Kafin a taɓa sifana

Gwani ba ya farawa da kwance inji. Da tambaya yake farawa, kuma yana sauraren amsa. Yaya ya tsaya, ƙarfi ne ya riƙa raguwa a hankali ko cak ya tsaya? An ji ƙara kafin nan? Bayan ya huce ya sake tashi? A ina aka sayi fetur ɗin, gidan mai ko wurin 'yan bumburutu? Wa ya haɗa man, da me ya auna? Injin da ya tsaya cak ana cikin gudu, ya ƙi juyawa, sannan bayan rabin awa ya saki, ya riga ya ba da rabin labari: fistin ya kumbura ya kama bango.

Sai ya kama igiya ya ja a hankali, ba don ya tayar ba, don hannunsa ya ji. Lafiyayyen inji yakan turje a kowane hawa. Wanda ringinsa suka mutu ko fistin ya huje, igiya salalam take zuwa. Idan silinda biyu ce, ɗaya ta turje ɗaya ta ƙi, ya san inda zai duba.

Daga nan fulogi. Yakan cire su ya jera su bi da bi yadda suke a inji, ba ya yarda su cakuɗe. Mai launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Baƙi wuluk mai maiƙo, fetur ko mai ya yi yawa, ko wuta ba ta da ƙarfi. Fari fat, busasshe, zafi ya yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Wanda aka ga ƙananan ɗigo masu ƙyalli a bakinsa, wannan naman fistin ne ya narke ya fantsamo. Wanda kuma bakinsa ya lotse ya haɗe, wani ƙarfe yana yawo a cikin silinda.

Wanda yake da agogon auna matsi yakan ɗaura shi a ramin fulogi. Yawan lambar ba shi ne abin dubawa na farko ba, domin agogo ya bambanta da agogo. Abin da ake so shi ne silindu su zo kusan ɗaya, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Idan ɗaya ta faɗi, ya zuba mata cokalin baƙin mai ya sake aunawa. Lamba ta tashi, ringi ne suka gaji, man ya toshe musu kafa na ɗan lokaci. Ta ƙi tashi, to rami ne, ko gasket ya ƙone. Sannan ya haska tocila ta ramin fulogi, ko ya cire salansa ya leƙa gefen fistin ta ƙofar hayaƙi. Yanzu ma akwai 'yar kyamara mai dogon wuya da ake haɗawa da waya a zura ta ciki. Duk wannan an yi shi ba a buɗe cikin inji ba.

A rumfar makanike

Ga yadda abin yake a aikace. Saurayi mai shagon caji ya kawo ƙaramin janareto rumfar wani dattijon makanike a bakin titin Dabai, ransa a ɓace, don ba a daɗe da sa masa sabon fistin ba.

"Baba, wallahi kayan nan na yanzu ba su da kyau. Kawai a sa min na asali, ko nawa ne."

"To, ɗana, bari mu ji ta bakinsa tukuna. Kai, miƙo min sifana goma."

Aka zare silinda. Dattijon ya goge fistin da tsumma, ya fita da shi rana. Gefen da ke kallon salansa ya ƙwarzane daga sama har ƙasa, alminiyon ya narke ya shafe ringi ya manne su a cikin raminsu. Ya juya ɗaya gefen, wanda ke kallon kafireta: sumul, har da sauran maiƙo. Ya kife shi ya duba cikinsa, ƙarƙashin kan ya yi baƙin ƙuna.

Ya kira yaronsa ya miƙa masa. "Me ka gani?"

"Oga, ba mai."

"In ba mai, me ya hana wannan gefen cinyewa? Shafa ka ji."

Yaron ya shafa, yatsansa ya fito da maiƙo. Ya yi shiru.

"Mai akwai. Zafi ne ya kashe shi, zafin kuma daga ƙarancin fetur. Iska na shiga ta inda bai kamata ba. Nemo min ƙofar."

Suka bi a hankali. Jet ɗin kafireta a buɗe yake. Robar bakin karanshaf ba ta zubar ba. Sai a tsakanin kafireta da silinda, gasket ɗin da wani ya yanka da kwalin sabulu ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ta nan inji yake zuƙar iska tsagwaronta, gauraye ya tsinke, wuta ta yi zafin da ya wuce kima, gefen hayaƙi wanda dama shi ya fi ko'ina zafi ya fara narkewa. Da an sa fistin na asali an mayar da wannan kwalin, da shi ma ya bi sahu. Abin da ya ci wa saurayin nan fistin biyu bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Abin lura, dattijon bai faɗa wa yaron amsa ba sai da ya sa shi ya taɓa da hannunsa. Haka ake gadon wannan ilimi, daga yatsa zuwa yatsa.

Kowane tabo da mai shi

Rami a tsakiyar kan fistin, bakinsa a narke, alama ce ta wutar da ta riga fulogi tashi. Wani abu a cikin silinda ya yi ja, ko dai fulogin da ba na injin ba ne, ko dunƙulen kabon da ya taru, shi ya kunna fetur tun fistin yana kan hawa. Wutar ta daɗe tana gasa wuri ɗaya har ta huda shi. Wannan ba ya ɗaukar lokaci, cikin 'yan daƙiƙu ake gamawa.

Idan kuma gefen kan ne ya yi tsaga-tsaga da ƙananan ramuka, ko dandamalin da ke tsakanin ringi ya karye, karyewa mai kaifi ba narkewa ba, to fashewa ce. Maimakon wuta ta ci a tsanake, ragowar fetur da ke gefe ya fashe gaba ɗaya saboda matsi da zafi, ya riƙa dukan fistin. Mai kunne yakan ji shi, ƙara ce siririya ta ƙarfe idan inji na jan nauyi. Masu jawo ta su ne fetur marar ƙarfi ko wanda aka surka, taimin da ya yi gaba, kan silinda da aka goge fiye da kima, da lodi. Kamfanin Yamaha yana ƙera injunan jirgi na musamman masu shan kananzir, amma an rage musu matsi tun daga masana'anta don su iya. Injin fetur da aka ba gaurayen kananzir ba shi da wannan rangwame.

Ƙwarzane a kusurwa huɗu, biyu ta nan biyu ta can daura da juna, na kumburi ne. Fistin ya yi wa silinda girma. Ko ruwan sanyaya ya yanke, ko an ba inji wuta duka da sanyin asuba tun bango bai ɗumama ba, ko wanda ya fafe silinda ya bar ta a matse.

Ƙwarzane ko'ina, busasshe, kan konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya yi shuɗi, wannan shi ne ainihin rashin mai. Ƙa'idar yawancin waɗannan injuna kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25, sabon inji kuma a ninka masa man a awanni 10 na farko. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin tafiya ya yi tsada, kuma wurin da mutum ya fi saurin tsuke hannu shi ne baƙin mai, don ba a ganin illar a ranar. Wasu kuma su zuba man mota, har da wanda aka juye. Shi wannan ba ya ƙonewa tas, toka yake bari. Tokar ta cika ramin ringi ta daskare su, wuta ta riƙa zurarewa ta gefe, sai ka ga jikin fistin ya yi baƙi daga ringi zuwa ƙasa. Ringin da ya daskare ya daina miƙa zafi ga bango, daga nan sauran bayani ne. Shi ya sa injin jirgi yake da nasa man, mai alamar TC-W3 a jikin galan.

Gefen kafireta da ya dushe, ya sille, da siraran layuka, ƙura ce ko yashi. Kan fistin da aka tarar tas, babu ɗigon kabon alhali ɗan'uwansa baƙi ne, ruwa ne yake shiga ya zama tururi ya wanke shi, kuma ruwan da ya wanke kabon ya wanke mai. Lotsa-lotsa a kan fistin da kan silinda, ƙarfe ne ya shiga tsakani. A nan gwani ba ya hutawa sai ya gano ƙarfen mene ne: guntun ringi, ko kilif ɗin fin, ko allurar boris. Idan allurar boris ce, sau da yawa ciwon yana can ƙasa a karanshaf, sabon fistin ba zai yi komai ba.

Abin da ruwa ya ƙara

A bakin ruwan Yauri karatun nan yana ƙara zurfi, domin injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa. Wata 'yar roba mai fukafukai ce a can ƙasa kusa da farfela take zuƙo ruwa ta tura shi sama. Kogin kuwa ba kullum yake ɗaya ba. Cikarsa biyu a shekara: farin ruwa na damina mai laka, da baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini. Laka da yashi suna cin robar nan a hankali, musamman idan ruwa ya ja baya ana gogar rairayi. Leda ko ciyawa takan toshe ƙofar ruwan. Wanda ya tayar da inji a tudu don gwaji, ko minti ɗaya ne, ya ƙona ta. Shi ya sa direban kirki yake yawan waiwayawa ya ga siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji. Ya yanke, a kashe inji.

Silindun injin jirgi a jere suke, wata bisa wata, kuma gwani yana karanta wannan ma. Idan ta sama ce ta kama, ya fara zargin ruwa, don idan famfo ya yi rauni sama ce take fara rasa shi. Idan ta ƙasa ce aka tarar da tsatsa ko an wanke ta, ya duba robar ƙasan karanshaf da gasket ɗin murfin hayaƙi. A manyan injuna masu silinda uku, inda kowace take da kafiretarta, toshewar jet guda ya isa. Sauran biyun za su ci gaba da jan jirgi, direba ya ɗan ji ƙarfi ya ragu ya ƙara wuta, alhali ta ukun tana gudu babu fetur, kuma tunda man a cikin fetur yake, babu mai. Don haka ƙa'idar ita ce: fistin ɗaya ya mutu, nemi abin da ya keɓanta da silindarsa. Duka suka mutu iri ɗaya, nemi abin da suka yi tarayya a kai, fetur ko mai ko ruwa ko taimin.

Injin da ya taɓa nutsewa kuma nasa daban. Ruwa ba ya matsuwa. Idan ya cika silinda inji na juyawa, fistin ya doke shi, konrod ya lanƙwashe. Wani lokaci lanƙwasar ba ta ganuwa da ido, sai an ga fistin yana cin gefe ɗaya a karkace, ko bai kai tsayin ɗan'uwansa ba idan ya hau.

Sai babban makashi, lodi. Ranar kasuwa jirgi ya ɗauki buhunan albasa da shinkafa da babura da mutane har bakinsa ya kusa shan ruwa. Direba ya murɗa totur har ƙarshe, amma inji ya kasa kai zagayen da aka ƙera shi ya yi. Yana shan wuta cikakkiya yana juyawa a hankali, zafi da matsi suna taruwa, fashewa ta fara. Farfelar da ta fi ƙarfin inji ma haka take yi. Mutanen wannan yanki ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ranar 26 ga Mayun 2021 ba, da mutane fiye da 150 a ciki, wanda hukumomi suka danganta da lodin da ya wuce kima. Lodi yana karya katako, yana kuma cin fistin a ɓoye tun kafin ranar. Mota ta lalace a hanyar Mahuta, a gangara gefe a jira. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar Kainji, hadari ya taso, ga kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, ba shi da gefen da zai gangara.

Injin da ake yi wa ɗurin iska

Akwai injunan da ba a barinsu su zuƙi iska da kansu, ɗura musu ake yi. Sufacaja famfo ne da injin kansa yake juyawa, ya cusa iska cikin silinda fiye da yadda za ta ɗauka, a ƙara fetur daidai da ita, ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Kamfanin Mercury na Amurka ya fito da injin jirgi irin wannan mai suna Verado a 2004, kuma baburan ruwa na Sea-Doo da Yamaha da yawa haka suke. Ba kasafai ake ganinsu a ruwanmu ba, amma ɗan'uwansu tobo, wanda hayaƙi ke juyawa, yana cikin manyan motocin da ke kwasar hatsi daga kasuwannin ƙasar Zuru.

Karatun bai canza ba, sai dai a nan kuskure ba shi da wurin ɓuya. Iskar da aka matse tana zafi, shi ya sa ake bi da ita ta na'urar sanyaya kafin ta shiga. Na'urar ta toshe da laka, ko nozul guda ya rage feshi, ko famfon fetur ya gaza a ƙarshen totur, ko an zuba fetur marar ƙarfi, ko wani mai son gudu ya canza fuli don ƙara ɗuri bai ƙara fetur ba, fashewa za ta zo da ƙarfin da injin talaka bai san shi ba. Inda ta fi karyawa shi ne dandamalin da ke tsakanin ringi na farko da na biyu. Abin da ke ruɗar wanda bai ƙware ba, kan fistin yakan kasance lafiya idan an leƙa, inji ma yana tashi, agogon matsi ya nuna raguwa kaɗan. Amma hayaƙi mai maiƙo na fita ta bututun numfashin inji, sandar auna mai tana tasowa da kanta.

Tunda waɗannan masu bugu huɗu ne, da bawul da tankin mai daban, akwai gwajin da ya fi auna matsi. A kai fistin ƙololuwa, bawul duka a rufe, a hura iska ta ramin fulogi, a kasa kunne. Ta fito ta bakin zuba mai, fistin ne ko ringi. Ta fito ta mashigar iska ko ta mafitar hayaƙi, bawul ne. Ta ɓullo ta hanyar ruwa, gasket ne ko tsagewa. Waɗannan injuna suna da kwamfuta da ke ajiye tarihin zafi da gudu, kuma tana taimakawa ƙwarai. Amma za ta ce maka an yi fashewa ne kawai. Haɗa wannan da launin fulogi, da labarin inda aka sha mai, da lakar da ke cikin na'urar sanyaya, har yanzu aikin mutum ne. Masu mota a Najeriya sun ga misali a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da kima: injuna suka riƙa lalacewa, kuma makaniken da ya tambayi inda aka sha mai shi ya riga kowa gane bakin zaren.

Haƙƙin mai wannan ilimi

Bayan an gano makashi ne ake maganar gyara, kuma nan ma da aunawa. A cire alminiyon da ya manne a bango, a auna silinda sama da tsakiya da ƙasa. Idan ta ci, a fafe ta a sa fistin mai ƙarin 0.25 ko 0.50 na milimita. A sa ringi a cikin silinda a duba tazarar bakinsa. A tabbata kibiyar da ke kan fistin ta kalli inda ya kamata. Kilif sabo, ba tsoho ba. A wanke cikin inji tas, don guntun ƙarfe ɗaya da ya maƙale ya isa ya mayar da aiki baya. Sannan a bi sabon fistin a hankali har ya zauna.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke biyan wannan aiki. Muna biyan kuɗin kaya ba gardama, muna biyan kuɗin kwancewa da ɗaurawa, amma awa guda da mutum ya yi yana juya fistin a rana yana tunani, wannan a wurinmu ba aiki ba ne. Har mukan ce yana ɓata mana lokaci, mu ɗauke injin mu kai wa mai saurin hannu. Da haka muke koya wa yara masu tasowa cewa canza kaya ya fi ganewa riba. Alhali wannan awa guda ita ce ta fi komai daraja a cikin gyaran, ita ce ta shekaru ashirin da ya yi yana kallo.

Akwai abin da kowa zai iya yi. Mai gareji ya daina sayar wa 'yan gwangwan duk matattun fistin, ya ware akwati guda ya tara su, kowanne ya san tarihinsa, ya riƙa zube su gaban yaransa yana tambaya. Makarantun koyon sana'a su nemi irin waɗannan dattawa su shigo da su aji, ko da ba su da takardar shaida. Ƙungiyoyin masu jirage da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, da suke ta faɗakarwa kan rigar ruwa da rage lodi, su haɗa da lafiyar inji a cikin faɗakarwar. Kai kuma mai inji, ko na jirgi ne a Yauri ko na caji a Dabai, duk ranar da aka ce maka fistin ya mutu, ka ce a nuna maka shi, ka tambayi abin da ya kashe shi. Wanda ya iya ba ka amsa ya nuna maka da yatsa, ka riƙe shi da kyau, kuma ka biya shi kuɗin ganewarsa daban da kuɗin sifanarsa.